Ɗalibin Harshe da Jera Hotuna a Shafi Ɗaya

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa tattara sunayen kayan gargajiya domin kundin digirinsa ya san cewa kalma ita kaɗai ba ta wadatarwa. In ka rubuta akushi ko faifai ko maburgi, wanda bai taɓa ganinsu ba sai ka nuna masa, domin Bahaushe ya ce gani ya kori ji. To amma hotunan da muke dawowa da su daga fagen bincike ba girmansu ɗaya ba. Wani a tsaye yake, wani a kwance, wani kuma daga tsohon littafi aka kwafo shi. Ra'ayina a nan shi ne, ya kamata ɗalibin harshe ya koyi jera hotunansa da kansa ta hanyar rubuta wa kwamfuta umarni, maimakon ya bar aikin a hannun mai shagon buga takardu.

Ni mutumin Potiskum ne, Bolanci na fara ji a gida kafin Hausa, saboda haka wannan batu ya shafe ni. Garinmu mahaɗar harsuna ce: ga Bolanci, ga Ngizimanci, ga Karekare da Ngamo, Hausa kuma ta zama harshen kasuwa. A nan ne marigayi Farfesa Russell Schuh, wanda ya rasu a 2016, shi da Alhaji Maina Gimba suka jagoranci aikin binciken harsunan Yobe da ya samar da ƙamusoshi a 2004 da 2009. Abin da ya rage mana mu 'yan baya shi ne mu haɗa waɗannan kalmomi da surar abubuwan da suke nufi, tun kafin roba da silba su gama korar ƙwarya da tukunyar ƙasa. Ko a kasuwar shanun Potiskum kaɗai, wa zai iya bambance Bunaji da Rahaji da Bokoloji a rubuce ba tare da hoto ba?

Yadda akasarinmu muke yi a yanzu bai gamsar da ni ba. Ana jawo hotuna ɗaya bayan ɗaya cikin Microsoft Word, ana ja ana matsewa har sai sun shiga. Daga ƙarshe sai ka ga tulu ya koma kamar kwalba, sa mai tozo ya zama siriri kamar barewa. Ga kuma ɓarnar takarda, hoto biyu su cinye shafi guda, alhali kuɗin bugu da launi a kan kowane shafi ake lissafa shi.

Akwai manhaja ta kyauta mai suna ImageMagick, wadda John Cristy ya fara rubutawa a 1987 a kamfanin DuPont na Amurka, aka sake ta ga jama'a a 1990. Ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta, kuma wanda ba shi da kwamfuta yana iya sa ta a wayar Android ta cikin Termux. Idan ka tara hotunanka wuri guda, sai ka rubuta:

magick montage -label %t *.jpg -tile 4x -geometry 300x300+5+5 shafi.png

Wannan layi zai jera hotuna huɗu-huɗu, ya rage kowanne ba tare da ya jirkita siffarsa ba, ya kuma rubuta sunan fayil ɗin a ƙarƙashinsa. Ke nan in ka raɗa wa kowane hoto sunan abin da ke cikinsa, ka sami ƙaramin ƙamus mai hoto. Sai dai ka nuna mata salon harafi irin Charis SIL da umarnin -font, domin ɓ da ɗ da ƙ su fito daidai. Idan kuwa giɓin da ke tsakanin hotunan ya yi yawa, sai ka daidaita tsayinsu da -resize x400, ka manna su gefe da gefe da +append, sannan ka daidaita faɗin layukan ka ɗora su bisa juna da -append.

Wani zai ce, mu da muka zo karatun nahawu da adabi me ya haɗa mu da wannan baƙin allo? Amsata ita ce, wanda ya iya fiɗar jimla bai kamata layi ɗaya na umarni ya razana shi ba, don shi ma ƙa'idar jeranta kalmomi gare shi. Sau ɗaya za ka koya, kuma da hoto goma da hoto ɗari duk umarnin ɗaya ne.

Amma ina da gargaɗi biyu. Na farko, kada son tsimin takarda ya sa mu jera hotuna bisa girmansu. Masana lissafi ma sun tabbatar cewa gano hanyar da ta fi kowace cushe siffofi mabambanta a fili ɗaya matsala ce mai wuyar gaske, mu kuwa ma'ana muke bi. Kayan girki su zauna tare, na noma tare, ko da an bar ɗan fili. Na biyu, daidaita hotuna yana ɓoye ainihin girman abu, har ludayi ya yi kai ɗaya da turmi. Maganin wannan tun wajen ɗauka yake: a ajiye rula ko kwalin ashana kusa da abin, kuma a nemi izinin mai kayan.

Don haka ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da ta ware yini guda a kowane zango, waɗanda suka iya su koya wa na baya, musamman 'yan ajin ƙarshe kafin su fita bincike. Da haka kundayenmu za su zama abin da wani zai buɗe gobe ya ga kayan kakanninsa a yadda suke. Allah ya sa mu dace, amin.