DAGA MADAFINMU: Ɗan Lambunki A Gindin Randa

Wasiƙunku sun iso hannuna, na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Da na zauna na karanta su sai na ga kusan rabinsu tambaya ɗaya suke yi, wato mene ne sirrin girki mai ƙamshi. Akwai wata amarya daga Zariya da ta ba ni tausayi, ta ce dunƙule har shida take jefawa a tukunyar mutum biyu, amma angon loma uku yake yi ya tsame hannu ya ce alhamdulillahi.

To amarya, da ke da masu irin damuwarki, ku matso kusa. A littattafanmu na soyayya kun saba karanta yadda jaruma ke buɗe kwano ƙamshi ya cika falo har Alhaji ya manta da ɓacin ran da ya shigo da shi. Abin da ba a cika faɗa muku ba shi ne daga ina ƙamshin nan ya fito. Ba daga dunƙule ba ne. Dunƙule yawancinsa gishiri ne, ɗanɗano yake ƙarawa a harshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, ke kuwa kin ɗura wa bawan Allah shida a zama guda, ga hawan jini yana yawo a gari. Ƙamshi yana cikin ɗanyen ganye ne, kuma ganyen da aka tsinka yanzu-yanzu, ba wanda ya kwana biyu a faranti yana shan rana a bakin titi ba.

Shi ya sa yau ba girki zan fara koya muku ba, shuka za mu yi.

Na san abin da wata za ta ce: "Haba Anti, ni da nake ɗaki ciki da falo a gidan haya, ina na ga fili?" Ba fili nake nema a wurinki ba, tsohon bokiti nake nema. Bokitin fenti, robar wanka da ta tsage, buhun shinkafa, fasasshen tulu, babban gwangwanin madara, duk lambu ne. Ki ɗora ƙusa a wuta ta yi ja, ki huda gindin robar wuri biyar ko shida domin ruwa ya riƙa tsiyayewa, don saiwa idan ta zauna cikin ruwa ruɓewa take yi. Abu ɗaya kawai zan ja kunnenki a kai: duk mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, baƙin mai ko ruwan batir, ki bar shi a bola inda kika gan shi.

Ƙasa kuma ki haɗa kashi uku: ƙasar gona kashi biyu, yashi kashi ɗaya, sai ki barbaɗa taki ki cakuɗa. Kashin awaki ko na tumaki wanda ya bushe ya daɗe har yana marmashewa a hannu, shi ne daidai. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, ƙone shuka yake yi, sai ya yi watanni a ajiye tukuna.

Mu fara da na'ana'a, don ita ce marar fushi. Ba sai kin nemi iri ba. Idan aka sayo miki ƙulli ɗaya, ki zaɓi rassa huɗu masu ƙwari, tsawon ɗan yatsa da rabi, ki zage ganyen ƙasa ki bar na sama, ki tsoma su a kofin gilashi da ruwa ki ajiye a taga inda haske yake amma rana ba ta dukansu. Ki riƙa canja ruwan bayan kwana biyu. Cikin mako guda zuwa kwana goma za ki ga fararen saiwoyi sun fito kamar zare, sai ki dasa. Na'ana'a tana son laima da inuwa-inuwa, shi ya sa babu inda ya fi mata daɗi kamar gindin randa, inda ƙasa ba ta bushewa, ko kusa da inda ake alwala. Amma ki ba ta robarta ita kaɗai. Halin wata irin kishiya gare ta, idan kika haɗa ta da wani a mazubi ɗaya, ta ƙarƙashin ƙasa take bi, kafin ki farga ta mamaye gidan duka. Kuma kada ki ji tausayin tsinkarta, yawan yanke kan shi ke sa ta yi rassa ta cika.

Sai ɗoɗɗoya, wadda wasu ke ce wa daidoya. Wallahi ina mamakin yadda muka raina ganyen nan, muka bar shi a matsayin maganin ciwon cikin tsofaffi, alhali 'yan uwanmu na Kudu ba sa farfesu sai da shi. Ita ma reshe ake dasawa kamar na'ana'a, ko a barbaɗa irinta, sai dai ita 'yar rana ce, ki ajiye ta inda za ta sha hantsi sosai. Akwai mai faɗin ganye wadda take girma har ta kai ƙugun mutum, akwai mai ƙananan ganye wadda a kasuwa za ki ji ana ce mata ganyen kori. Duk wadda kika samu, ga sirrinta: da zarar kin ga ta fara fitar da fure a kai, ki sa farce ki tsinke. Idan kika bari ta yi fure ta yi 'ya'ya, ta gama aikinta ke nan a ganinta, ganye zai ragu ya ƙanƙance. Sai dai ki bar reshe ɗaya ya bushe da irinsa saboda baɗi. Iyayenmu suna cewa ƙamshinta na korar sauro. To, ban hana ki ajiye ta a bakin ƙofa ba, amma gidan sauronki na nan daram, kada ki kwance shi.

Lawashi kuwa kyauta ne Allah Ya ba ki kina zubarwa. Albasar nan da ta tsira a kwando kike tsaki kina cewa ta lalace, ki binne ta rabi a ƙasa ki ba ta ruwa. Haka gindin albasa mai lawashi, wurin da saiwar take, ki rage kamar faɗin yatsa biyu ki dasa. Mako ɗaya zuwa biyu kin fara yanka, kuma ki yanka da almakashi ki bar gindin, zai sake tohowa sau uku ko huɗu kafin ya gaji.

Lansir ɗan hunturu ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ki samu faffaɗar roba marar zurfi, ki barbaɗa irin a sama, ki yayyafa ƙasa kaɗan da ruwa. Kwana biyu zuwa uku ya tsiro, mako biyu zuwa uku kin yi kwaɗo. Idan zafi ya shigo kada ki wahalar da kanki, fure zai yi ya tsaya. Ciyawar shayi, wadda 'yan boko ke kira lemon giras, ki roƙi maƙwabciya ta ɓantaro miki tushe biyu da saiwarsu, ki sa a babban buhu a rana, shi ke nan kin yi ta shekara da shekaru, ki dai kula da gefen ganyen don yana yanka kamar reza. Citta ma tana yiwuwa a buhu idan kin binne mai ido a farkon damina a wuri mai inuwa, amma wata takwas zuwa goma take ɗauka, kuma ta fi son ruwan sama irin na Kudancin Kaduna, wajajen Kaciya da Kafanchan inda ake nomanta. Wadda ta sayi citta bayan cutar da ta cinye gonakin can a 2023 ta san yadda kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi. Mai haƙuri ta gwada.

Ban ruwa da sassafe ne ko bayan la'asar, ba da tsakar rana ba. Ki tura yatsa cikin ƙasar, idan da danshi ki ƙyale ta. Ruwan alwala da ruwan wankin shinkafa ko na wake duk suna yi, amma ban da ruwan omo, ruwan bilic da duk ruwan da gishiri ko mai ya shiga. A watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ke narka kwalta, ki jawo na'ana'a cikin inuwa ki ba ta ruwa safe da yamma. Kada kuma ki bar ruwa ya kwanta a faranti a ƙarƙashin roba, gidan haya kika gina wa sauro.

Maƙiya lambu a gidan Bahaushe sanannu ne: akuya, kaza, ƙadangare, da ƙanenki Auta mai son tonon ƙasa. Ki ɗora robobin a kan bulo ko tsohon benci, ki yafa musu yagaggen gidan sauro. Idan kin ga ƙananan ƙwari sun manne a bayan ganye, ki daka ganyen darbejiya ki jiƙa ya kwana, ki tace ki yayyafa da yamma, sai ki wanke ganyen sosai kafin ki girka saboda ɗaci. Don Allah don Annabi kada wadda ta kusanto da fiya-fiya wurin abin da za a ci ɗanye. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa nake son ki shuka naki. Ganyen kasuwa ba ki san da wane ruwa aka shayar da shi ba, mu nan Kano kowa ya san ana noman rani da ruwan Jakara, ga shi lansir da na'ana'a ba dafa su ake yi ba. Idan dole ta sa kin saya, ki wanke da ruwa mai tsabta sau uku kuna ganin juna.

Yanzu mu shiga madafi. Ƙa'ida ɗaya ce, wadda ta riƙe ta ta huta: ganye mai laushi a ƙarshe yake shiga. Ƙamshin nan wani ɗan mai ne a jikin ganyen, zafi yana sa shi ya bi tururi. Idan kika zuba ɗoɗɗoya tun farko ta yi ta tafasa minti arba'in, maƙwabta ne za su sha ƙamshi, maigida ya samu baƙin ganye a kwano.

Ga farfesun kifi tarwaɗa yadda nake yi. Ki wanke kifin da ruwan zafi ko toka da lemon tsami har yauƙin ya fita. Ki ɗora ruwa kofi huɗu, ki zuba jajjagen attarugu biyu da albasa da tafarnuwa, dakakkiyar citta, masoro, kimba guda ɗaya da kika fasa, gishiri kaɗan, dunƙule ɗaya tak. Ki ƙulle ganyen ciyawar shayi biyu ki jefa, ita tana da tauri, tana jure tafasa, kuma tana kashe ƙarni. Idan romon ya yi minti goma yana tafasa sai ki jera kifin, ki rage wuta, kada ki juya da ludayi, girgiza tukunyar za ki yi. Bayan minti goma sha biyar ki tsame ciyawar, ki yayyanka ɗoɗɗoya cikin tafin hannu ɗaya ki watsa, ki rufe, ki ƙirga minti biyu ki sauke. Kada ki buɗe sai a gabansa.

Haka za ki yi wa faten doya, faten tsaki da farfesun kayan ciki. Lawashi kuma ki yanka ƙanana a wainar ƙwai, ko ki watsa a kan dafa-duka da dambun shinkafa bayan kin sauke. Zoɓo idan kin dafa da citta da kanumfari kin sauke, sai ki murza na'ana'a a tafin hannu ki jefa, ki rufe har ya huce kafin ki tace. Shayi ma a kofi ake sa mata ruwan zafi, ba a tukunya ba. Kwaɗon lansir kuwa ba sai na koya wa 'yar Hausa ba: ƙuli-ƙuli dakakke, tumatir, albasa, ɗan man gyaɗa da matsin lemon tsami, a ci nan take kafin ya saki ruwa. Idan ganye ya yi miki yawa ki shanya a inuwa a kan faifai, rana tana cinye launi da ƙamshi, ya bushe ki zuba a kwalba mai murfi. Lawashin ma haka kakanninmu ke kirɓa shi su dunƙula su shanya ya zama gabu, su yi ta kaɗa miyar kuka da shi har wata shekara.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, kada ku ce wannan zancen matan aure ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowa ta ga yadda Baba ke ƙirga kuɗin cefane sau biyu kafin ya miƙa, ta ga yadda Umma ke juya su a hannu tana lissafi. Roba huɗu a bayan ɗaki ba za su sayi buhun shinkafa ba, amma sun ɗauke kuɗin lawashi da na na'ana'a da na ganyen farfesu, sun kuma hutar da aiken yaro Yankaba ko Rimi a dawo miki da abin da ya yi yaushi. Wannan hutun ki nemi izinin Umma ki fara da biyu, na'ana'a da lawashi. Ta gidan haya kuma ta fara yi wa matan gidan magana kafin ta jera robobi a tsakar gida, in ya yi kyau ta tsinka ta miƙa wa kowa, don wadda ta ci ba ta bari ɗanta ya tuge.

Amaryar Zariya, ki rage dunƙulen nan zuwa ɗaya, ki yi farfesun ranar Juma'a da daddare, ki rubuto mini yadda aka kwashe. A fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu za mu yi zancen haɗa yajin daddawa da garin kayan ƙamshi na amare, wadda take da tambaya a kai ta aiko da wuri.

Taku har kullum, Antinku ta Madafi.