Jaririn da ba a kira bakwaini

Hausa tana da suna ga ɗan wata bakwai: bakwaini. Da an ji sunan, gida ya nutsu, a nufi kwalba da shi. Wanda ya zo a mako na 34 zuwa na 36 kuwa ba shi da suna. Ya kai kilo biyu da ɗoriya, ya tsala kuka, kaka ta ce "ai ƙato ne, masha Allah", washegari a sallame su. Daga nan hatsarin yake farawa.

A mako na 34, ƙwaƙwalwar jariri ba ta wuce kusan kashi 65 cikin ɗari na nauyin da za ta kai a cikar wata tara ba. Haɗa tsotso da haɗiya da numfashi bai gama zama masa jiki ba. Sai ya kama nono, ya ja sau uku, ya yi barci. Uwa ta yi ta yabon haƙurinsa, alhali sukarin jininsa sauka yake yi. Ba shi da kitsen riƙe ɗumi, ga hunturun Kano, ga wankan safe da na yamma da ba a fashi.

Shawara ta fi ba ni tsoro. A irin waɗannan jarirai takan kai ƙololuwa tsakanin kwana na biyar da na bakwai, wato daidai lokacin da hankalin gida ya koma kan ragon suna da ɗinkin mai jego. Ɗaki a rufe, labule a sake, wa zai lura idon ya yi rawaya? Idan ta hau ƙwaƙwalwa takan bar kurumta ko shanyewar gaɓoɓi har abada. Kafur ɗin da ake jefawa cikin kayan jarirai ma yana iya tsananta ta ga wasu yaran.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya sa Najeriya ta uku, bayan Indiya da Pakistan, da jarirai sama da 770,000 da suka zo kafin lokaci. Akasarinsu ba 'yan kwalba ba ne, irin wannan ne.

Kada mazauna Nassarawa GRA ta Kano su ɗauka wannan matsalar ƙauye ce. Asibitin Muhammadu Abdullahi Wase yana cikin unguwar, masu zaman kansu ga su nan birjik, amma kusancin asibiti ba ya amfanar wanda bai ga dalilin komawa ba. Ke mai jego, tambayi makon da kika haihu kafin sallama. Idan bai kai 37 ba, manna shi a ƙirjinki fata da fata, tashe shi ya sha nono kada ya wuce awa uku, duba idonsa a hasken rana kullum. Ki mayar da shi a auna shawara cikin kwana biyu bayan sallama, ko da ana fiɗar rago.