Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in ɗan yi magana bisa wani abu da na gani a hutun da ya wuce, sa'ad da na ziyarci kawuna mai fataucin shanu a Kudu. Na sauka Inugu, na wuce Anaca, na ƙare a Fatakwal. Ko'ina na je sai in tarar da unguwar Hausawa da sarkinta da masallacinta. Mutanen nan ba baƙin jiya ba ne, gama tun cikin shekarun 1950 Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko. Watau akwai 'ya'ya da jikoki waɗanda can aka haife su, can suka tashi.

Buki uku na halarta, ban ga makaɗi ko ɗaya ba. Saurayi guda ne da fiyano mai aiki da lantarki, shi ne mai kalangu, shi ne mai algaita, shi ne mai goge. A bukin Anaca ina zaune kusa da wani tsohon mahauci, na ce masa, "Baba, ga kiɗanku na gado, ba za ka taka ba?" Ya dube ni, ya ce, "Yaro, wannan kalangun bebe ne. Yana ƙara, amma bai ce kome ba."

Lalle tsohon nan ya faɗi gaskiya, ga kuwa dalili. A shekarar 1983 kamfanonin ƙera kayan kiɗa suka yarda da wani tsari da ake kira MIDI, don na'urorinsu su riƙa jin maganar juna. A 1991 suka ƙara da jerin muryoyi 128 wanda yawancin fiyano ke bi, ko da sun daɗa nasu a kai. A cikin jerin akwai sitar ta Indiya da koto na Japan, a jerin ganguna da ke tare da shi kuma akwai konga da bongo na Kuba. Ba kalangu, ba kotso, ba gurmi. Saboda haka tun da ɗakunan kiɗa na Kano suka fara aiki da fiyanon Yamaha a shekarun 1990, bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, sai masu kiɗa suka riƙa zaɓen muryar da ta fi kama da tamu suna maleji. Amma kama da wane ba ta wane.

Hausa harshe ne mai karin sauti. Ku faɗi kuka na hawaye, ku faɗi kuka ta miya, za ku ji bambancin hawa da saukar murya ne kawai. Mai kalangu yakan matse tsarkiya a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka, da haka yake kiran sunan mutum da takensa. Konga kuwa ba a matsa ta. Yaron da aka haifa a Fatakwal, in wannan kaɗai ya taɓa ji, zai girma yana tsammani kalangu ke nan.

Wasu za su ce to, a jefar da fiyanon mana. Ni ban yarda ba. Ɗauko makaɗa daga Kano ko Katsina zuwa Fatakwal, da kuɗin mota da masauki da sallama, ba kowane uban ango ke iyawa ba. Saurayin nan kuwa sana'arsa ce, da ita yake ci. Laifin ba na akwatin ba ne, na mai shi ne da ya bar muryoyin yadda suka zo daga kanti, alhali an ba shi hanyar gyara su.

Gyaran kuwa iri huɗu ne. Na farko, fiyano da yawa suna da 'yar ƙafa a hagu wadda in an murza ta murya takan hau ko ta sauka. Ita ce madadin hammata. Na biyu, ana iya ɗaga ko sauke muryar kowace ganga ita kaɗai, a jera babba da matsakaiciya da ƙarama kusa da juna a ƙarƙashin yatsu. Na uku, akwai wurin da na'ura ke jan kowane bugu ta ajiye shi daidai bisa ma'auni kamar sojan fareti. A kashe shi, ko a rage, domin ɗan jinkirin hannu da ɗan gaggawarsa su ne gishirin kiɗa. Na huɗu, wanda ya fi duka, manyan fiyano na Yamaha da Korg suna karɓar muryar da mutum ya ɗauka da kansa. Sai a je wurin makaɗi na ainihi, a ɗauki bugunsa matse da sake, da ƙarfi da sannu, a zuba a ciki. Amma fa a nemi yardarsa, a biya shi, gama hannunsa ne za a ci abinci da shi shekara da shekaru.

To, ina ruwan malamin makaranta? Ruwansa da yawa. Mamman Shata mai kalangu ya rasu a 1999, Barmani Choge mai ƙwarya a 2013, Ɗan Maraya Jos mai kuntigi a 2015, amma faya-fayansu suna nan. Wanda aka tura shi koyarwa, ko a Zariya ko a Inugu, ya sa wa yara su saurari kalangun Shata, sa'an nan su saurari na fiyano, su faɗi bambanci da bakinsu. In akwai makaɗi kusa, a gayyato shi aji ran da za a koyar da karin sauti. Rabin sa'a da shi ya fi mako guda a kan allo. A cikin yaran nan ne masu fiyanon gobe za su fito, kuma kunnen da ya san kalangu ba zai yarda da bebe ba.

Allah ya sa mu gyara, amin.