Daga Bakin Rumfa: Ɗan ƙyallen da ya sa Baba mai surfani ya nemi tabarau

Mu a nan Kumasi hunturu ya fara leƙowa, kuma duk wanda ya ratsa Adum ko Kejetiya a 'yan kwanakin nan ya san Disamba ta kama. Ko'ina kayan ƙyalƙyali ne a rataye: ƙwallaye na roba, taurari, fitilu masu kashewa da kunnawa, da bishiyoyin Kirsimeti na roba. Galibinsu daga birnin Yiwu na ƙasar Sin ake loda su a kwantena, a sayar da su katan-katan. Kafin Janairu ta ƙare rabinsu sun zama shara.

Abin da ya ja ni ga wannan magana shi ne wani abu da maƙwabciyar rumfata ta nuna mini. Dattijuwa ce Kirista mai sayar da atamfa, mun fi shekara goma sha biyar muna gaisawa. 'Yarta tana aikin jinya a Ingila, ta aiko mata da saƙo, a ciki har da wani ɗan ƙyalle mai tauri wanda bai kai tafin hannu ba, da ɗan igiyar ratayewa a samansa. Ta ce, "Alhaji, ku da kuka san ɗinki, duba mini wannan. Wai da hannu ta yi shi, kuma wai mako uku ta yi tana fama." Na karɓa na duba. Siffa ce mai fukafukai shida, an ɗinke ta da siliki da zare mai ruwan zinariya, a kan ja. Su a wurinsu siffar mala'ika ce. Mu dai ba ma siffanta mala'iku, kowa da addininsa, kuma ba wannan ne ya tsayar da ni ba. Aikin allurar ne ya tsayar da ni.

Na roƙe ta aro na yini ɗaya, na kai wa wani tsoho a zango da muke kira Baba, wanda ya yi fiye da shekara arba'in yana surfanin manyan riguna. Yana karɓa ya juya bayan, kamar yadda duk gwanin ɗinki yake yi. Ya tarar an rufe shi da mulufi. Ya yi tsaki ya ce, "Sun ɓoye asirin." Sannan ya aiki jikansa ya ɗauko masa tabarau. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Alhaji, wadda ta yi wannan sabuwar hannu ce, amma wanda ya koya mata ya san abin da yake yi."

Wannan magana ta Baba ita ta sa na shiga tambaya da karance-karance, kuma abin da na samo ya isa a ba wa ɗan kasuwa labari.

Salon ɗinkin ya girmi bishiyar da ake rataya shi a kai nesa ba kusa ba. Al'adar kafa bishiya a ɗaki daga Jamus ta fito, kuma ba ta bazu a Ingila ba sai bayan 1848, lokacin da wata jarida ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Albert da 'ya'yansu kewaye da bishiyarsu. Shi kuwa ɗinkin, ganiyarsa tsakanin 1250 da 1350 ne. A wancan zamani birnin Landan ya yi suna a duk Turai wajen ɗinka kayan coci, har ana kiran aikin da sunan Latin, Opus Anglicanum, wato aikin Ingila. Babban abin da suke yi shi ne wata riga ta manyan limaman coci, mai siffar rabin da'ira, da ake yafawa a kafaɗa. In ka gan ta za ka ce alkyabba ce. A jikinta suke ɗinka labaran littafinsu, da tsuntsaye, da zakuna, da ganyayen inabi, domin yawancin masu zuwa coci a lokacin ba su iya karatu ba.

Kayan sun yi kasuwa har Roma. Lissafin kayan fadar Paparoma na shekarar 1295 ya ƙunshi fiye da guda ɗari na aikin Ingila. Wani marubucin tarihi na zamanin, Matthew Paris, ya ba da labarin cewa a 1246 Paparoma Innocent na huɗu ya ga irin wannan ado a jikin limaman Ingila, ya yi sha'awa, ya aika wa shugabannin gidajen zuhudu cewa a samo masa, in da hali ma kyauta. Fataken Landan da ke sayar da kayan suka ji daɗi, suka sa farashin da suka ga dama. Ka ji halin ɗan kasuwa, ko a ina yake.

To mene ne asirin da Baba ya nema a bayan ƙyallen? Dabaru biyu ne. Ta farko ta siliki ce: in ka yi ɗinki ɗaya, sai ka dawo da allura ta huda tsakiyar zaren da ka riga ka shimfiɗa, ta tsaga shi biyu, ka ci gaba a haka. Ɗinkin yakan kwanta lumui kamar an shafa fenti. A kumatun fuska sukan bi da shi a zagaye kamar gammo, don haske ya riƙa wasa a kai. Ta biyu ta zinariya ce. Zarensu azurfa ce da aka yi wa ruwan zinariya, aka buge ta ta zama siririya, aka naɗe ta a kan siliki. Irin wannan zare ba ya jure a yi ta ratsa ƙyalle da shi. Sai a shimfiɗa shi a sama, a fito da zaren lilin mai ƙarfi daga ƙasa, a kewaye shi, a koma ta ramin da aka fito, a ja har ɗan lanƙwason zinariyar ya nutse zuwa baya. Daga gaba ba ka ganin zaren da ya riƙe, kuma kowane lanƙwaso yana aiki kamar gaɓa, shi ya sa rigar take lanƙwasuwa a jikin mai ita ba ta sandare ba. Da na kwatanta wa Baba wannan, ya ɗauki allura ya gwada a kan ƙyallen shadda, ya yi dariya ya ce wannan aikin mai cin ido ne.

Yana cin ido, yana cin shekaru. A 1271 an gama wani labulen gaban bagadi na cocin Westminster, wanda mata huɗu suka yi shekara uku da wata tara suna ɗinkawa. Ladansu gaba ɗaya fam 36, alhali kuɗin zinariya da lu'ulu'u da duwatsun da aka zuba a kai sun ninka haka sau da yawa. Da na karanta wannan sai na tuna matan Zariya da ke zaune a cikin gida suna surfanin riga wata da watanni, dillali ya zo ya ba su abin da bai taka kara ya karya ba. Ashe ciwon tsoho ne. Amma akwai wadda aka san darajarta: wata mai suna Mabel, daga garin Bury St Edmunds, ta yi wa Sarki Henry na uku aiki, sunanta ya shiga takardun fada, kuma daga baya sarkin ya yi mata kyautar tufafi.

Sannan abubuwa suka juya. Annobar da ta shiga Ingila a 1348 ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, har da gwanaye. Aka koma aikin sauri, a ɗinka siffa daban a liƙa ta a kan karan-miski da aka sayo daga Italiya. Daga 1536 Sarki Henry na takwas ya fara rufe gidajen zuhudu, kuma a shekarun da suka biyo baya aka ƙone riguna da yawa don a tace zinariyar, wasu aka yanka aka yi matasai. Waɗanda suka tsira galibi su ne waɗanda aka riga aka fitar waje ko aka ɓoye. Akwai wata shahararriya da ake kira rigar Syon, wadda aka ɗinka wajen 1300 zuwa 1320. Wasu mata 'yan zuhudu suka yi hijira da ita har Lisbon ta ƙasar Fotugal, ba ta dawo Ingila ba sai farkon ƙarni na 19. Yau tana gidan adana kayan tarihi na Victoria da Albert a Landan, kuma a jikinta akwai irin siffofin nan masu fukafukai shida. A 2016 gidan ya yi baje kolin wannan aiki, sai da aka aro wasu daga Italiya da Sifen da Aisland, saboda abin da ya rage a gida kaɗan ne.

Yanzu ku duba abin da jikokinsu suka yi. Babu mai shekara huɗu da zai ba riga ɗaya. Sai suka ɗauki tauraro ɗaya, ko tsuntsu ɗaya, ko ganye ɗaya daga jikin tsohuwar riga, suka mai da shi ɗan abin rataya. A ɗaure ƙyallen lilin a ƙawanyar katako ya yi tsam, a zana siffar, a cike ta da siliki, a kwantar da zaren zinariya, a yanke, a naɗe a kan kwali, a rufe baya da mulufi, a bi gefen da igiya. Ma'aikaciyar jinya da ta dawo aiki a gajiye tana iya yin sa da dare, kaɗan-kaɗan. Akwai makarantar ɗinki ta gidan sarauta da aka kafa a 1872, har yau tana koyar da aikin allura da na zaren zinariya, kuma gwanaye da yawa suna haɗa zare da ƙyalle da zane a ƙunshi ɗaya su sayar wa masu koyo. Ɗan ƙyallen da za a rataya mako biyu a shekara shi yake riƙe da dabarar da ta haura shekara ɗari bakwai.

A nan ne abin ya taɓa ni. A akwatina akwai rigar mahaifina, saƙi ce mai aska takwas, da zaren tsamiya. Malami ne ya zana ta da tawada, wani ya ɗinka. Na tambayi Baba ko zai iya yi mini irinta. Ya ce idonsa ba zai kai ba. Na ce yaransa fa? Ya ce, "Alhaji, wane yaro? Na ƙarshe ya tafi gyaran waya. Wa zai zauna wata huɗu a kan riga ɗaya, ku zo ku ce na inji ya fi araha?" Ban iya ba shi amsa ba, don ni kaina na sha faɗin haka. Mu muke sarin shadda mai aikin kwamfuta, mu muke taya aikin hannu kamar muna taya tumatir da yamma. Mun san araha ba ta ado, amma a bakinmu kawai.

Mun ɗaure surfaninmu a jikin babbar riga, ita kuwa babbar riga ta hannu sai mai hali, sai ranar salla ko naɗin sarauta. In rigar ta gagara saye, sana'ar ta tafi da ita. Me zai hana a ciro dagi guda ɗaya, ko tambari, ko aska ɗaya, a ɗora a kan abin da yaro zai gama cikin mako? Jakar waya, gafakar allo da littafi, abin rataya makulli, murfin matashi na ɗakin amarya, ɗan abin da za a raba wa baƙi ranar biki maimakon bokitin roba. Mai koyo zai ga ƙarshen aikinsa da wuri, ya karɓi kuɗinsa, ya ji ƙarfin fara wani. Mu da muke zaune a Akara da Kumasi da Duwala da Njamena muna da masu sayen da ba su taɓa ganin aikin Zariya ko Kano ido da ido ba, kuma akwai baƙi masu yawon buɗe ido da ke neman ƙaramin abin da zai shiga jaka.

Ba ina cewa mu shiga bikin da ba namu ba ne. Hikimar da ke cikin abin nake nuna mana, kuma hikima kayan mumini ce duk inda ya tsince ta. Ga hutun makaranta ya zo. Uwargida, in akwai tsohuwa ko tsoho a unguwarku da ya iya surfani, tura masa yara ko na awa ɗaya ne bayan la'asar, kuma a biya shi. Maigida, in an kawo maka aikin hannu, tambayi kwana nawa ya ci kafin ka buɗe baki ka taya.

Na mayar wa maƙwabciyata kayanta washegari, na gaya mata abin da Baba ya ce game da hannun 'yarta. Ta ce za ta faɗa mata a waya. Shi kuma Baba na bar masa yadi ɗaya na farar shadda da kuɗin zare, ya yi mini jakar waya guda goma masu dagi, da sharaɗin jikan nan nasa da ya ɗauko tabarau shi zai ɗinka biyu daga ciki. Ya ce yaron hannunsa na rawa. Na ce a bar shi ya yi, ni zan saya ko sun karkace.

In sun fito zan ba ku labari. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.