Maza da Mata, Ku Zo Mu Auna Jini!

Jama'ar Kano, Kaduna, Zariya, Damagaram da sauran biranenmu, ku saurara! Cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen kisa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sun ɗauke mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019 kaɗai. Sai dai ƙofar da suke shiga wa namiji daban, ta mace daban.

Maigida, kai suke fara cafkewa, tun da sauran ƙarfinka. Sigari da shisha, tsire da lemon kwalba a majalisa kowane dare, zaman shago daga safe har isha, ga tumbi ana ce maka alamar arziki. Kuma ba ka zuwa asibiti sai an kwashe ka ranga-ranga.

Uwargida, kada ki ce ciwon maza ne. Ƙiba ta fi yawa a matan birni, ga masu shan maganin ƙara jiki da gangan. Wadda ta yi hawan jini ko jijjiga a lokacin goyon ciki, haɗarin yana bin ta shekaru bayan haihuwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yadda zuciyar masu jego ke gazawa, suka danganta hakan da kunun kanwa da wankan ruwan zafi. In mai jego ta kumbura ƙafa, numfashi yana sarƙe mata in ta kwanta, a kai ta asibiti a ranar! In jinin al'ada ya ɗauke, kariyar da jiki ke ba mace ta ragu. Bugun zuciyarta ma yakan zo da kasala, tashin zuciya ko ciwon baya da muƙamuƙi, a ce gajiya ce.

To, mu tashi! Kowane baligi ya auna jini. In ya kai 140 bisa 90, a ga likita, kuma kada a yar da magani don an ji sauƙi. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da na dunƙulen miya. A motsa jiki minti 150 a mako, ko da sassarfa a tsakar gida ce.

Malamai, ku faɗa a huɗuba da islamiyya. Magidanta, ku ba iyali izini da kuɗin mota, ku ma ku miƙa hannu a ɗaura muku awo. Wannan makon, ba sai ɓarin jiki ya shanye ba!