Ra'ayi: Masu shafukan intanet a Damagaram su riƙe mabuɗansu da hannunsu

Duk mai yawan leƙa shafukan ƙananan kafofin labarai, ƙungiyoyi da 'yan kasuwa ya san farin allon nan mai layi guda da Faransanci ko Turanci, wai ana gyara, a dawo bayan minti ɗaya. Ga ɗan Damagaram da ke Agadas, Kano, Aljeriya ko Faransa, wanda ya shiga neman labarin gida ko farashin kaya, tamkar ya tarar da shago ne a garƙame. Idan ya dawo sau biyu bai samu shiga ba, sai ya koma Facebook da WhatsApp, inda gaskiya da jita-jita ke cakuɗe.

Abin haushin shi ne gyaran ba shi da wuya. Manhajar WordPress, wadda aka gina fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da ita, tana ajiye wani ɗan fayil mai suna .maintenance duk lokacin da take sabunta kanta ko ƙananan manhajojin da aka ɗora mata. Idan ta gama sai ta goge shi. Amma idan aikin ya katse, ko don intanet ya yanke, ko don an tura sabuntawa goma a lokaci guda, fayil ɗin kan tsaya. Sai a shiga ma'ajiyar shafin ta cPanel ko FTP, a kunna nuna ɓoyayyun fayiloli, a goge shi, a share tsoffin kwafin da shafin ya tara. A ƙa'ida WordPress kan daina kula fayil ɗin bayan minti 10, don haka idan shafin bai tashi ba, akwai yiwuwar wata ƙaramar manhaja ce ta sauka rabi da rabi. Ita ma canza sunan jakarta ya isa ya kashe ta kafin a sake ɗora ta.

To me ke sa aikin minti biyar ya ɗauki makonni? Galibi mai shafin ba shi da kalmar sirrin ma'ajiyar. Wani matashi ne ya gina masa, aka biya shi sau ɗaya, ya wuce Yamai ko ya tsallaka iyaka neman abinci, ya tafi da komai a wayarsa. Wani lokaci har sunan shafin da imel ɗinsa aka yi rajista. Hausawa dai sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Za a iya cewa laifin wuta da layin sadarwa ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ba a manta da yadda Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a Agustan 2023 ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ko yadda aka rufe intanet na wayar salula bayan zaɓen Fabrairun 2021. Sai dai wannan hujja ce ta ƙara shiri. Wanda ya san layinsa na iya yankewa ba ya danna sabuntawa sai ya ɗauki kwafin ajiya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a lokacin da masu karatu suka yi ƙaranci. Kuma tun sigar 6.3 ta 2023, WordPress kan mayar da tsohuwar manhaja idan sabuwar ta gaza sauka, gatan da masu tsohuwar siga ba su da shi.

Mutanen unguwar Birni sun san gidan ƙasa ba ya ɗorewa sai da yaɓe kafin damina, kuma magini ba ya tafiya da mabuɗin gida. Haka ya kamata a ɗauki shafi. Kafin a biya kuɗin ƙarshe, mai shi ya karɓi kalmomin sirri duka, a rubuta su a takarda, amintattu biyu su san inda suke. Sannan a ware ɗan kuɗin kulawa na wata-wata. Jami'ar André Salifou na yaye matasa kowace shekara, da yawansu na neman abin yi. Kula da shafuka biyar ko goma sana'a ce da za ta iya tsayar da matashi a Damagaram, ta kuma bar ƙofar gida a buɗe ga waɗanda ke nesa.