Maganin ƙiba da ya taɓa ƙwaƙwalwa

An daɗe da sanin cewa mai shan wiwi ba ya wasa da abinci. Daga nan masana suka yi tunani: tunda tabar tana buɗe ƙofar yunwa, me zai hana a nemo abin da zai rufe ta?

Ƙofar kuwa tana nan. A 1964 Raphael Mechoulam da abokin aikinsa a Isra'ila suka gano THC, sinadarin da ke sa maye a wiwi. A 1988 aka gano wurin da yake kamawa a ƙwaƙwalwa, daga baya aka sa masa suna CB1. A 1992 aka tarar jikin mutum da kansa yana haɗa makamancinsa, wato anandamide. CB1 ɗin nan har a hanta da hanji da kitse akwai shi, yana taya jiki tara mai.

Kamfanin Sanofi-Aventis na Faransa ya fito da rimonabant don toshe shi, Turai ta amince a 2006. A shekara guda, masu shansa sun rage kusan kilo 5 fiye da waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta, sukari da kitsen jininsu suka gyaru. Sai dai abin da ke sa marmarin abinci shi ne ke taya mutum jin daɗin rayuwa. Wasu suka faɗa cikin matsananciyar damuwa da fargaba, wasu har da tunanin kashe kansu. Amurka ba ta taɓa yarda da shi ba, Turai ta dakatar da shi a 2008, kamfanonin Merck da Pfizer suka watsar da nasu.

Watsi da binciken baki ɗaya asara ce, domin ba kowa ne jikinsa ke karɓar allurai irin su Ozempic ba, ga kuma tsada. Dabarar yanzu ita ce maganin ya tsaya a hanta da kitse, kada ya haura kai. Don haka kamfanin Novo Nordisk ya sayi kamfanin Inversago na Kanada, mai bin wannan dabara, a 2023. Gwajin maganinsu monlunabant a 2024 ya rage kusan kilo 7 cikin mako 16, amma an sake ganin fargaba da saurin fushi da rashin barci.

Wannan ba abin rainawa ba ne. Kafin wata hukuma ta sa hannu, dole a yi dogon gwaji da likitocin ƙwaƙwalwa a ciki, a riƙa auna halin zuciyar majinyaci duk ranar da aka auna nauyinsa.